Zauren Iyali: Hutun maigida a tsakar bazara

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau ɗan ƙarami ne. Wata Asabar da hantsi muna shirin fita, sai ƴar autarmu da ke lakwal ta tare mu da littafinta na Faransanci a hannu. Ta ce, "Baba, mushe ya karanta mana cewa akwai wani lokaci da ake ce wa printemps, wanda itatuwa suke tofo, furanni suke buɗewa, uba kuma yake ɗaukar ƴaƴansa su tafi shan iska. To mu yaushe namu yake zuwa?" Muka yi dariya, muka bayyana mata cewa watannin da Faransawa suke kira da wannan suna, wato daga ƙarshen Maris zuwa Yuni, su ne mu nan muke kira bazara. Su sanyi ne yake sakinsu, mu kuwa zafi ne yake kama mu. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane maganar furanni. Sannan ta ƙara da cewa, "To shan iskar fa, Baba?"

A daidai lokacin makullin moto yana hannunmu, abokai kuma suna jira a fada. Muka ce mata sai wani jiƙon, muka fita. Amma tambayar ta bi mu har gindin itacen da muke zama, shayin ranar kuwa bai yi mana daɗi ba. Da muka komo bayan Isha'i muka ba uwargida labari, muna zaton za ta yi dariya. Sai ta ce, "Malam, ai yarinya ba ta faɗi ƙarya ba. Kai kana da Asabar da Lahadi. Ni a kalandata babu su, su kuma yaran nan ba su san kana da su ba."

Wannan magana ita muka kawo zaure yau, domin mun tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Hutu haƙƙi ne

Tun da farko bari mu cire wa magidanta tsoro. Ba mu zo mu ce hutu laifi ba ne. Mutumin da ya yi kwana biyar ko shida yana fama a buro, ko a kasuwa, ko a tasha, ko a gaban maƙera, jikinsa yana da haƙƙi a kansa, balle a bazara. A Yamai da Tawa da Injamena ma'aunin zafi yakan wuce 40 da rana a watan Afrilu, kusan kowace shekara. A ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, asibitocin yankin kuma suka cika da tsofaffi da marasa ƙarfi. Wanda ya yini a irin wannan rana, da dare kuma aka ɗauke wuta, barci ya gagara, ba mai ganin laifinsa idan ya nemi inuwa da abokan hira.

Fada ma ba abin zargi ba ce. Zaman majalisa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, sai dai irin fadar da muka sani yau, mai suna da shugaba da ma'aji, ta yaɗu ne a biranen Nijar cikin shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da bakin jama'a ya buɗe, aikin yi kuma ya yi ƙaranci. A fada ake jin wanda ya kwanta asibiti, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, a nan mai neman aiki yake jin inda ake ɗauka. Zumunta a ƙafa take, fada kuwa ta riƙe wa mutane da yawa wannan ƙafa.

Abin tambaya shi ne yawan rabon da take ɗauka. Shayi kansa ba ya son gaggawa. A hura gawayi, a dafa na farko mai ɗaci, a yi ta juyawa daga buta zuwa finjali har kumfa ta tashi, a sha, a sake ɗora na biyu, sannan na uku. Kafin a gama zagaye ɗaya awa biyu ta tafi. Idan aka ɗora wani bayan Azahar, aka ƙara wani bayan Magariba, to yini ya ƙare. Maigida ya fita yara suna karin kumallo, ya dawo sun yi barci a tsakar gida. Idan Lahadi ma haka ta tafi, to a cikin mako guda ƴaƴansa ba su samu awa ɗaya cikakkiya tare da shi ba.

Akwai kuma lissafin aljihu. A ce mutum yana kashe dala ɗari kullum, wato sefa 500, tsakanin ganyen shayi da sukari da gawayi da tsire da man moto. A wata jaka goma sha biyar ke nan, a shekara kuma fiye da jaka 180. Kowane magidanci ya san abin da wannan kuɗi zai yi a gidansa ranar komawa lakwal.

Shawararmu mai sauƙi ce: a raba. Fada ta samu nata, gida ya samu nasa. Bazara kuwa, duk da zafinta, tana da abubuwan sha'awa da yawa da uba zai yi a gida ko kusa da gida, ya huta da su, yaro kuma yana gefensa.

Da sanyin safiya

Daga bayan Asuba zuwa ƙarfe tara shi ne arzikin ranar bazara. Wanda ya koma barci a wannan lokaci ya yi asarar yininsa, domin daga hantsi sai neman inuwa.

Magidanta da yawa suna da sha'awar kiwo. Lissafin wata yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar Yuni a 2024, a 2025 kuma cikin makon farko na Yuni, saboda haka a waɗannan shekaru turkar ragon layya a bazara take faɗowa. Ko balami ne, ko uda, ko ɗan ƙaramin rago daidai ƙarfin aljihu, aikinsa ɗaya ne: a share turke, a wanke kwanon ruwa, a jiƙa dusa, a ba da harawa da ƴaƴan gawo, a ajiye kanwa, a tabbata rumfarsa tana da inuwa. Idan uba ya yi wannan da hannunsa yaro yana riƙe masa bokiti, yaron yana koyon abin da ba a rubuta a allo ba, wato akwai mai rai da yake jiran ka ba shi ruwa, kuma ba ya iya faɗa maka yana jin ƙishi. Idan kuwa aka bar wa yaro aikin shi kaɗai, ana yi masa tsawa daga ɗaki, to bauta ce yake koyo, ranar da ya girma kuma zai tsani turke.

Wasu kuma tantabaru ne abin sonsu. Kiwo ne mai sauƙin kuɗi: ƴan tukwane ko akwatuna a rataye a inuwa, ɗan gero, da ruwa mai tsabta. Tantabara takan yi ƙwai biyu, su ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka. Wanda ya zauna ya lura zai ga namiji ne yake kwanci a kan ƙwai da rana, mace ta karɓa daga yamma zuwa safiya, kuma su biyun ne suke ciyar da ƴaƴan baki da baki. Mun taɓa nuna wa wani abokinmu wannan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato har tsuntsu ya fi ni zaman gida."

Mai son shuka ma yana da nasa. Bazara ba lokacin dasa itace ba ne, lokacin raya shi ne. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ita ce kuma ranar dashen itace, ana dasa dubbai kowace shekara, amma wanda zai rayu shi ne wanda ya samu mai ba shi ruwa a Afrilu da Mayu. A ba kowane yaro itace ɗaya da sunansa, ko dogon yaro, ko zogale, ko mangwaro, ko lemun tsami. A nuna masa yadda ake yi wa gindi ɗan kwari, a rufe da busasshiyar ciyawa domin laima ta daɗe, a zuba ruwan alwala da na ɗauraye kwano da safe ko da yamma. Wanda kuma yake da ƴan jakkuna biyu na rarar kuɗi ya sayi iri ko robobi ya fara renon ƴan itatuwa tun yanzu, kafin damina su isa dashe.

Gona da rufin ɗaki

Ga wanda yake da gona a bayan gari ko a ƙauye, Asabar ɗin bazara ranar sharar gona ce da kai taki. A nan ma akwai darasin da ya kamata uba ya miƙa wa ɗansa hannu da hannu. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, bai bar ko tsiro ɗaya ba. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara tofon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi da manoman yankin suka fara barin rassa kaɗan mafiya ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Yaron da ubansa ya tsaya da shi a gindin gawo ya nuna masa cewa wannan itace yana da ganye a rani, yana kaɗe shi a damina, shi ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa, ba zai manta ba har tsufansa. Sai dai a fita da wuri, a tafi da ruwa, a komo kafin rana ta take, kada a mai da ranar ta zama horo.

A cikin gida kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da ɗakin ƙasa ya san bazara ce lokacin yaɓe da gyaran indararo da toshe tsagar bango. Mai kwano ya duba ƙusoshi kafin iskar hadarin farko. A yashe magudanar ƙofar gida tare da maƙwabta. Damina ta 2024 ta koya mana darasi mai ɗaci: ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta rushe gidaje dubbai, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba. Mutumin da ya mai da gyare-gyaren gida abin sha'awarsa, yana da ƴar jakar kayan aiki, guduma da zarto da filaya, ya rage wa kansa kuɗin magini, ya kuma haifi ƴaƴan da ba sa jin kunyar aikin hannu.

Idan rana ta take

Daga sha ɗaya zuwa La'asar ba sauran zirga-zirga. A nan ne yawancinmu muke gudu fada, alhali tabarma a zaure ko a rumfar tsakar gida ta isa.

Yaushe rabon da mu haƙa gurbin dara a gidajenmu? Ba ta buƙatar ko tamma. Gurbi 30 ne a ƙasa, layi biyar a shida. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya ɗauki guntayen kara. Da farko a yi ta sakawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku ba a lokacin sakawa. Idan an gama sai a fara turawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci, ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya. Wanda ƴaƴansa suka kasa uku ya faɗi. Wasa ne da yake koya wa yaro duba gabansa kafin ya ɗaga hannu, da haƙurin shan kaye ba tare da kuka ba. Uba kuma ya shirya, domin ranar da ɗan shekara goma zai cinye shi tana nan tafe, kuma yadda ya karɓi wannan kaye shi ma darasi ne.

Ga wani abin gwaji da yara suke so. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A saka ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a sa tumatir ko tattasai a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, cikin ƙaramar kuma ya yi sanyi. Hikimar randa da tulu ce da iyayenmu mata suka sani tun fil azal, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta rani da farkon bazara. Wani malamin makaranta na Arewacin Najeriya, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka cikin shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yaro ya sa hannunsa a ciki ya ji sanyi, sannan a tambaye shi dalili. Ya samu darasin kimiyya ba tare da alli ba.

Wannan lokaci ne kuma na duba littattafai. Jarrabawar ƙarshen shekara, da ta BEPC da ta BAC, duk bayan bazara kaɗan suke zuwa, saboda haka bitar karatu a cikin zafi take faɗowa. Uban da bai yi lakwal ba kada ya ce ba ruwansa. Ya ce wa yaro, "Karanta mini, ka fassara mini da Hausa." Wanda ya iya fassara wa ubansa darasi ya fahimce shi, wanda ya kasa, an gano inda gyara yake tun da sauran lokaci. Haka ma allo: a saurari hadda, ko ta rubu'in awa ce.

Zaman gida da rana yana da wata fa'ida da ba mu cika tunawa ba, wato ido. Ƙananan yara da tsofaffi su zafi ya fi kayarwa, kuma ba sa neman ruwa da kansu. Idan yaro ya yi laushi, bakinsa ya bushe, fitsarinsa ya ragu, ko yana gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma nufi likita. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa ba a kwana da su a gida, domin rani da bazara su ne lokacin sanƙarau. Allurar da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'i ɗaya na cutar, amma wani nau'in ya yi ɓarna a Yamai a 2015. A irin wannan sa'a, uwa tana neman wanda zai ɗauki yaro a moto, bambancin uban da yake zaure da wanda wayarsa take kashe a fada ba ƙarami ba ne.

Shan iskar La'asar

Mu koma ga tambayar yarinyarmu. Shan iska ba sai da furanni ba. Mutumin Yamai yana da gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. A ciki akwai namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun miliyoyin shekaru waɗanda aka tono a jihar Agadas, da ragowar itacen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973, ga kuma maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Mutane nawa ne cikinmu suke wucewa ta ƙofarsa kullum, amma ba su taɓa shiga da ƴaƴansu ba? Na Damagaram ya zaga da su unguwar Birni da ƙofar fadar Sarki, ya gaya musu cewa garinsu ne babban birnin ƙasa har zuwa 1926. Na Maraɗi yana da tafkin Madarumfa. Na Agadas yana da hasumiyar masallacin da aka fara ginawa tun farkon ƙarni na 16. Wanda duk wannan ya yi masa nisa, ya kai su lambun mangwaro, ko kasuwar dabbobi, ko gidan kakarsu, ko wurin aikinsa su ga inda tuwonsu yake fitowa.

Sai dai muna jan kunne game da ruwa. Zafi yana kora yara kogi da tafki da gulbi, kuma kowace bazara sai an ji gidan da aka yi rashi. Ganin ruwa ya ja baya yana ruɗin yaro, alhali akwai ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, a kogin Kwara kuma akwai dorina. Ruwan da yake kwance yana ba da tsargiya. Hani da baki kaɗai ba ya tsare yaro. Abin da yake tsare shi shi ne ya san ran Asabar Baba zai fita da shi, ko kuwa Baba yana gida zai tambayi inda yake.

Kada kuma a ware ƴaƴa mata. Sau da yawa uba yakan ɗauki namiji a moto, mace ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya tana kallo. Ita ma tana da ido da tambaya. Mai mata biyu ko uku ya kula da adalci, ya haɗa ƴaƴan ɗakuna a fita ɗaya ko ya yi musu bi da bi, domin abin da aka yi da niyyar alheri kada ya zama sabon rikici. Fita da yara na awa biyu kuma ita ce Asabar ɗin uwarsu: ta samu ta miƙe ƙafa, ta yi kitso, ko ta gaida ƴan'uwanta.

Da dare a tsakar gida

Bazara tana da wata kyauta da sanyi ba ya bayarwa: kowa a waje yake kwana. A yayyafa wa ƙasa ruwa, a kaɗe tabarmi, a haska fitila saboda kunama, a ɗaura gidan sauro. Sannan a ajiye wayar hannu. Mun ga magidanta da suka bar fada suka dawo gida, amma fadar ta biyo su cikin aljihu. Jiki yana kan tabarma, hankali yana WhatsApp. Wannan ba zama ba ne.

A ɗaga kai sama. A nuna wa yara Kaza da Ƴaƴanta, a gaya musu cewa a ƙarshen Afrilu tana faɗuwa yamma da wuri har ta ɓace, sai cikin Yuni ta sake bayyana gabas kafin fitowar rana, kuma da irin wannan manoman da suke lissafin shuka. A tambaye su wa ya fara ganin shamuwa bana, tsuntsuwar da take zuwa ta yi sheƙa a itatuwan gari gab da faɗuwar ruwa. A koya musu jin juyawar iska, yadda ta gabas mai ƙura take kwantawa, ta kudu maso yamma mai laima take tasowa. A ba su labarin kakansu: daga wane gari ya taso, wace sana'a ya yi, yaya aka ji da yunwar 1973 da ta 1984. Tatsuniya ta uwa ce da kaka, amma tarihin gida a bakin uba ya kamata a ji shi. Idan bai faɗa ba, ranar da ya kau ya tafi da shi.

Ga wanda ba shi da Asabar

Mun sani cikin masu karatunmu akwai ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu da mai gadi da lebura, waɗanda kalmar hutun ƙarshen mako baƙuwa ce a wurinsu. Akwai kuma ɗan ci-rani da yake Kwatano ko Legas ko Abijan, sai damina ta kusa zai komo. Ba muna cewa a bar nema ba. Wanda ba shi da yini yana da awa: tsakanin Magariba da Isha'i, ko bayan saukowa daga Jumma'a, ko tafiyar masallaci da Asuba hannunsa riƙe da na ɗansa. Na nesa kuma idan ya kira waya kada ya tsaya ga "Kuɗin sun iso?" Ya ce a ba shi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowanne da sunansa abin da ya koya. Abin da yaro yake riƙewa shi ne lokacin da ya san nasa ne, wanda ba a sāɓa masa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro yake son zama kusa da ubansa ba su da yawa. Daga shekara goma sha uku ko sha huɗu zai samu tasa fadar, da nasa abokan, da masu ba shi shawara waɗanda ba mu zaɓa masa ba. Uban da bai saba hira da ɗansa yana ƙarami ba, ranar da magana mai nauyi ta taso, ta ƙwaya ko ta mugun aboki ko ta bin hanyar hamada, zai tarar ba su da hanyar magana sai faɗa.

Mu dai mun yi wa abokanmu na fada bayani cewa daga yanzu Asabar ta gida ce, Lahadi bayan La'asar tasu ce. Sun yi mana ba'a mako biyu, suna cewa uwargida ta kafa doka. A mako na uku ɗaya daga cikinsu ya zo gidanmu da ƴaƴansa biyu, muka haƙa dara a zaure, aka kuma dafa shayin a nan. Ƴar autar ta riga ta je gidan tarihi, ta kuma samu zogalenta da take ba ruwa kowace safiya.

Muna son jin ta bakinku, musamman iyaye mata da su yaran kansu: da me maigida yake hutawa a gidanku? Ku aiko mana da Hausa ko da Faransanci, za mu kawo abin da ya sawwaƙa a fitowa ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sassauta mana zafi, Ya kawo damina mai albarka. Wassalamu alaikum.